Mazarin Wata Tsohuwa a Shikago da Hannuwan Gwaggota a Ƙaura

Gwaggota ta baro ƙauyensu da ke gefen Birnin Tsaba da zane biyu da jikoki uku, a daren da 'yan bindiga suka shigo musu. Yanzu tana Ƙaura Namoda, cikin ɗakin da wani ɗan'uwa ya ware mata a bayan gidansa. Ranar da na je gaishe ta na riƙo mata 'yar shinkafa da man gyaɗa. Ta karɓa, ta sa albarka, ta tura ledar ƙarƙashin gado ba ta ko leƙa ba. Can ta buɗe tafukan hannunta a kan gwiwa tana kallonsu, ta ce, "Ɗana, dubi yadda suka yi laushi kamar na jariri. Tun da na zo garin nan ban riƙe taɓarya ba. Gari ya waye in zauna, rana ta faɗi in kwanta. Zaman nan shi zai kai ni kafin yunwa."

Na san matar nan tun ina yaro. Kafin assalatu ta hura wuta. Hantsi tana kan sussuka da surfe, azahar tana duba tukunyar daddawa, la'asar tana ɗaure awaki, bayan lisha kuma ta jawo taskira da mazari ta yi ta kaɗi har fitila ta gaji. Kowace sa'a ta yini da sunanta da aikinta, kuma kowa a ƙauyen ya san daddawar wa ake nema ranar kasuwa. Duk wanda ya ratsa Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura a 'yan shekarun nan ya ga ire-irenta: manoman da rumbunsu kan kai wata kaka, yau suna jingine da katangar makarantar firamare, maƙera ba zuga-zugi, makiyaya ba ko tunkiya. Idan muna lissafin asara mukan ƙirga rayuka da shanu da hatsi da gidaje. Akwai abin da ba ya shiga lissafin, shi ne yinin mutum da aka ƙwace, da sunan da aikinsa ya ba shi a cikin jama'a.

Wasu mutane sun riga mu lura da wannan ciwo, kuma labarinsu ya fara ne da mazari irin na gwaggota.

A shekarar 1889 wata mata mai suna Jane Addams da ƙawarta Ellen Gates Starr suka buɗe wani gida da ake kira Hull House a unguwar talakawa ta birnin Shikago a Amurka. Unguwar cike take da baƙi daga Italiya da Girka da Rasha da sauran ƙasashen Turai, akasarinsu mutanen karkara ne da talauci ko tsangwama ta koro. Wata rana Addams tana tafe a titi sai ta hangi wata tsohuwa 'yar Italiya a bakin ƙofar gidan haya tana kaɗi da mazari, fuskarta cike da kewar gida. A garin ba mai neman zarenta. Addams ta gane cewa tsohuwar nan tana riƙe da wani ilimi mai daraja, ƙasar da ta zo ce ba ta san darajarsa ba.

A 1900 ta buɗe wani zaure a gidan, inda duk daren Asabar mata baƙi ke zuwa da mazarinsu da kayan saƙarsu, kowace ta nuna yadda ake yi a ƙasarsu, jama'a na kallo suna tambaya. A littafin da ta fitar a 1910 kan shekaru ashirin na gidan, Addams ta ba da labarin wata yarinya da ke zuwa koyon girki a ginin da uwarta ke kaɗi. Kullum sai ta bar uwar a babbar ƙofa ita ta zaga ta ƙofar gefe, don kunyar a gan ta da mace mai ɗankwalin ƙauye. Ran nan ta tarar da malamai baƙi sun kewaye uwar suna yaba gwanintarta. Daga ranar ƙofa ɗaya suke shiga. Abin da zauren ya mayar wa uwar ya fi kuɗin zare, ya mayar mata da girmanta a idon 'yarta.

Daga wannan gida wani fanni na kiwon lafiya ya samo saiwa. Julia Lathrop, wadda ta zauna a Hull House, tana cikin waɗanda suka kawo kwas na koya wa ma'aikatan asibitin masu taɓin hankali yadda za su sa marasa lafiya aikin hannu maimakon barin su zaune. Cikin waɗanda suka yi kwas ɗin akwai Eleanor Clarke Slagle, wadda daga baya ta yi aiki da likita Adolf Meyer a Baltimore. Hanyarta mai sauƙi ce: a mayar wa mara lafiya tsarin yini, lokacin tashi da wanka da cin abinci da aiki da wasa da barci, domin wanda yininsa ya watse hankalinsa ma watsewa yake. A watan Maris na 1917 ita da wasu mutum biyar suka kafa ƙungiyar masu wannan aiki a garin Clifton Springs. Mai masaukinsu George Barton, mai zanen gine-gine, tarin fuka ya kama shi, an yanke masa sashen ƙafa, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma da kafinta da aikin lambu ya lallaɓa jikinsa ya tashi. Fannin shi ne jinya da aiki. Aikin da ake nufi ya haɗa duk abin da mutum ke cika yininsa da shi: kula da kansa, neman abinci, ibada, zumunci, wasa. A 1952 aka kafa tarayyarsu ta duniya, kuma a Najeriya akwai makarantar tarayya ta koyar da shi a Oshodi ta Legas.

Yau masu wannan fanni suna aiki da 'yan gudun hijira a ƙasashe da dama. Wata malama 'yar Ostareliya, Gail Whiteford, wadda ta yi nazari kan waɗanda yaƙin Kosobo ya kora, ta yi rubutu sosai kan halin da mutum ke shiga idan wani ƙarfi da ya fi nasa ya raba shi da ayyukansa na tsawon lokaci. Da Hausa sai mu ce yunwar aiki. Alamominta su ne na gani a ɗakin gwaggota: barci ya ƙaurace, jiki ya mutu, tunanin daren farmaki ya samu fili ya yi ta zagaye.

Mai jinya da aiki idan ya zauna da baƙo, tambayarsa ta farko ita ce, "Baba, a gida yaya kake yini?" Daga amsar yake gano abin da ya ɓace da abin da za a iya dawo da shi. A ce manomi ne da harsashi ya taɓa masa hannun dama, yatsu ba sa damƙa. Ba za a miƙa masa galma rana ɗaya ba. Za a fara shi da ɓarar gyaɗa, yatsu na motsi kuma ana tara abin miya. Idan sun saki sai tufkar igiya. Sannan a naɗe ƙotar fartanya da robar tayar keke har ta yi kauri daidai damƙarsa, a sa mata maɗauri a wuyan hannu, a ba shi kunya biyu a bayan gida. Kowane mataki aiki ne na gaske mai amfani, shi ya sa mutum ke jure shi fiye da motsa jiki na kawai. Idan yaro ne da ya daina magana tun daren da ya ga abin da ya gani, sai a nemo masa sa'o'insa da langa da motar kara da lokacin makaranta tsayayye. Idan kuma mace ce da birni ya ruɗe ta, a raka ta sau ɗaya sau biyu ta san hanyar famfo da injin niƙa da layin asibiti, har ta iya zuwa da ƙafarta. Ga mutumin ƙauye, garin da ake sayen ruwa da itace da kuɗi wata ƙasa ce, ko da Hausa ake yi a cikinsa.

Wasu 'yan'uwanmu kuwa ƙasar suka bari ɗungurungum. Daga 2019 mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka riƙa tsallakawa jihar Maraɗi ta Nijar, kuma kafin shekarar ta ƙare sun haura 40,000. Sun tarar da harshensu da addininsu, amma kuɗi sefa ne, boko da Faransanci ake yi, gona kuma ta wasu ce. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar ba su killace su a sansani ba. Sun matsar da dubbai daga bakin iyaka zuwa ƙauyuka uku, Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori, inda baƙo da ɗan gari ke ɗiban ruwa wuri ɗaya, 'ya'yansu na aji ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya. Hikimar ita ce mutum ya zauna inda ake rayuwa, ya samu inda zai sa hannu. Ƙasar Maraɗi ta san wannan tun asali, domin Katsinawan da suka yi hijira a farkon ƙarni na 19 su suka kafa sarautarta, da fartanya da fatauci suka mayar da mafaka gari.

Mu ma ba baƙin wannan darasi ba ne. Lokacin da Abdurrahman bin Auf, Allah ya ƙara masa yarda, ya isa Madina hannu wofi, Sa'ad bin Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'ar albarka, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, kuma bai daɗe ba ya dawo da ribar cuku da man shanu. A gargajiyarmu akwai aron gona, akwai gayya, akwai ba da akuya kiwo a raba 'ya'ya, akwai adashi. Da su kakanninmu suka riƙa karɓar wanda fari ko yaƙi ya koro. An ce baƙo raɓa ne, to amma baƙinmu na yau wasu sun shekara biyar, sun haifi 'ya'yan da ba su taɓa ganin ƙauyen ubansu ba. Raɓar da ta kai haka sai a yi mata shirin damina.

Shirin ba ya buƙatar jiran ƙwararru daga Legas, ko da yake ya kamata asibitocin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su samu ko da mutum ɗaya ɗaya mai wannan horo, ganin yawan masu raunin harbi da sara. Duk mai rubuta sunayen 'yan gudun hijira don rabon abinci ya ƙara layi ɗaya a takardarsa: me ka iya? Zai sha mamakin yawan maƙera da magina da dukawa da ungozoma da malaman allo da ke cikin layin. Hakimai da masu unguwanni su nemo musu aron fili kusa da gari inda ake iya zuwa lafiya, da ɗan gefe a fadama don noman rani. Sarkin maƙera ya ba ɗan'uwansa maƙeri wuri a rumfarsa. Matan gida su ara wa baƙuwa turmi da tukunya, su sa ta a adashinsu. Masu kawo tallafi kuma su daina tara mata ɗari a koya musu haɗa sabulu iri ɗaya a kwana uku a ba su takarda, alhali a cikinsu akwai wadda ta shekara talatin tana ƙuli-ƙuli, abin da ta rasa kawai tiya biyu ta gyaɗa da kasko.

A kiyaye abu biyu. Aikin da ke warkarwa shi ne wanda mutum ya zaɓa kuma ya ci moriyarsa. Wanda ya ɗauki ɗan gudun hijira ƙwadago a rabin kuɗi don ya san ba shi da zaɓi, ya ƙara masa ciwo ne, haka ma wanda ya ɗora wa 'yarsa farantin talla a lokacin makaranta. Na biyu, babu mazari ko fartanyar da za ta sauke wa hukuma nauyin tsaro. Maganin farko shi ne mutum ya koma gonarsa ya kwana da ido biyu rufe. Abin da nake roƙo shi ne kada ranar komawar ta zo ta tarar da hannuwa sun manta, zukata sun mutu, yara sun tashi ba su san ubansu da komai ba sai bin layi.

Da na koma Ƙaura bayan mako biyu, na biya kasuwa na yi ta tambaya har na samu mazari wurin wata tsohuwa mai sayar da tarkacen mata, na haɗa da ɗan ƙullin auduga da alli. Garin da jirgin ƙasa ya iso a 1929 yana kwasar auduga da gyaɗa, yau sai da na sha yawo kafin in samu mazari ɗaya. Gwaggo ta karɓa, ta juya shi, ta ce bakinsa ya ɗan karkace amma zai yi. Ta shafa alli a yatsa, ta murza, zare ya fara sauka. Jikarta 'yar shekara tara ta bar abin da take yi ta matso ta durƙusa. Gwaggo ba ta ɗago ba ta ce, "Matso nan, ke. Riƙe audugar da hagu, kada ki matse ta." Ni kuma ta ce in na tashi dawowa in nemo mata kalwa, maƙwabciyarta ta yi mata alkawarin tukunya.