Ƙwan ƙyanƙyasa ta waya: cinikin biri a sama da matasanmu suka shiga

A hutun da ya wuce da na koma gida Kafin Hausa, na tarar ƙanina ya mayar da wani lungu na zaurenmu ɗakin gwaje-gwaje. Wani babban kwali ne ya liƙa wa soso a ciki, ga ƙwan fitila guda biyu, ga 'yar fankar da ya ciro daga mataccen kwamfuta, ga kofin ruwa a gefe, sai batir da farantin sola da ya aro wajen abokinsa mai cajin waya. A cikin kwalin ƙwai talatin ne a jere, kowanne ya yi masa alama da fensir. Ko jakata ban ajiye ba ya tare ni da cewa, "Yaya, nan da kwana 21 za ka sha mamaki. Brahma ne fa, daga Ibadan aka aiko min."

Kuɗin da ya tara a aikin yankan riɗi ya zuba a ciki. A Facebook ya ga tallan, ya yi magana da mutumin ta WhatsApp, ya tura kuɗi, bayan kwana huɗu direba ya kira shi ya je bakin titi ya karɓi saƙonsa. Yaron nan ya yi ƙoƙari, wallahi. Da asuba, da azahar, da bayan isha'i yana juya ƙwan nan, ko fira ya daina fita. Ranar da wa'adi ya cika tsaki uku suka fito, ɗaya bai kwana biyu ba ya mutu. Sauran ashirin da bakwai duk baragurbi, har sai da Inna ta ce ko ya kwashe su ko ta kwashe shi da su, saboda wari. Biyun da suka rayu kuwa, da suka fara girma sai ga ƙafafunsu fayau babu gashi, alhali kowa ya san da gashin ƙafa ake gane Brahma. Da ya kira mai ƙwan, amsa ɗaya ya samu: "Injinka ne ba shi da kyau." Daga nan waya ta daina shiga.

Ba don in yi wa ƙanina dariya a bainar jama'a na kawo wannan ba, don na san ba shi kaɗai ba ne. Daga Dutse zuwa Jahun zuwa Haɗeja, matasa da yawa sun shiga wannan harka, kuma niyyarsu mai kyau ce: suna son abin yi, suna son irin kaji masu girma da kuɗi, ba sa son zaman jiran aikin gwamnati. Abin da nake cewa shi ne, ga wanda zai fara kiwo a wannan yanki namu, sayen ƙwan ƙyanƙyasa daga nesa ita ce hanya mafi muni ta farawa, ko da kuwa mai sayarwar mutumin kirki ne.

Mu fara da shi kansa ƙwan. Mu da muka saba ganin ƙwai a teburin mai shayi muna ɗaukarsa kamar kowane kaya, a sa a kwali a ɗaure a jefa a but. Amma ƙwan da zakara ya taka uwarsa rai ne a kwance, yana jiran ɗumi ya tashi. Masana kiwon kaji sun daɗe da tabbatar da cewa ƙwan da za a ƙyanƙyashe ya fi kyau a sa shi cikin mako guda da sakinsa, daga nan kullum ƙarfinsa raguwa yake. Kuma kafin a sa shi ana so ya zauna a wuri mai sanyi-sanyi, wajen digiri 15 zuwa 18. Idan zafi ya yi yawa, halittar da ke ciki sai ta fara motsawa tun ba ta isa inda za a kula da ita ba, dare ya yi ta tsaya, rana ta fito ta sake farawa. To ka ɗauki wannan ka auna da tafiyar da ƙwan ƙanina ya yi. Daga Ibadan ya bi ta Ilori, ya haye Jebba, ya bi ta Mokwa har Kaduna da Zariya, ya kwana a wata tasha a Kano, sannan aka sake masa mota ta Wudil da Gaya da Jahun. Sama da kilomita dubu ke nan, a bayan mota kusa da buhunan kaya, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40.

Sai kuma jijjiga. A ɓangaren ƙwai mai faɗi akwai wata 'yar jakar iska, wadda ɗan tsako ke hudawa ya yi numfashinsa na farko kafin ya fasa ɓawo. Ramukan hanya da burkin direba suna iya kwance jakar nan daga mazauninta, ko su yi wa ɓawon tsagar da ido ba ya gani. Za ka buɗe kwali ka ga ƙwai lafiya ƙalau babu ko ɗaya da ya fashe, ka yi wa mai aikowa godiya, alhali rabinsu sun riga sun tashi daga aiki tun a hanya.

A nan ne cinikin ya zama na biri a sama. Idan ka sayi takalmi ta waya aka kawo maka wanda bai yi maka ba, nan take ka gani, ka ɗauki hoto, ka yi ƙorafi. Shi ƙwai ba ya nuna gaskiyarsa ranar da ya iso. Sai ya yi kwana 7 zuwa 10 a cikin ɗumi sannan za ka haska shi da tocila a ɗaki mai duhu ka ga ko jijiyoyin jini sun fito kamar saƙar gizo-gizo. Zuwa lokacin, wa za ka kama? Mai ƙwai zai ce direba ne, direba zai ce shi kwali aka ba shi kuma kwali ya kai, su biyun kuma za su haɗu su ce injinka ne. Abin haushin shi ne ba za ka iya ƙaryata su ba, don kai ma ka san an ɗauke wuta, batir ya mutu da tsakar dare sau biyu. Kuɗi ka biya tun farko, asara kuma duk a wuyanka ta ƙare. Mai son cuta ma ba ya buƙatar wata dabara: ya je gonar kajin ƙwai, inda kaji ke cikin keji ba su taɓa ganin zakara ba, ya sayi kiret a farashin mai shayi, ya aiko maka a farashin Brahma. Ko shekara za ka yi kana juya shi ba abin da zai fito.

A ajinmu na nazarin talla akwai tambayar da ake yawan jefa mana: me aka nuna, me kuma aka bari a bayan kyamara? Duk bidiyon masu tallan ƙwai da na kalla a TikTok iri ɗaya ne. Ana buɗe inji, 'yan tsaki na tsiyu-tsiyu, sai a nuno wani zakara mai tsayi kamar ɗan akuya, kiɗa na tashi. Ban taɓa ganin wanda ya nuna tiren baragurbi ba. Su kuma waɗanda suka yi asara kunya ba ta barinsu su faɗa, don kada a ce an yi musu wayo. Sai ya zama muryar wanda ya dace kaɗai ake ji, na baya kuma ya ɗauka kowa ma dacewa yake yi.

Na san akwai masu cewa ai a wasu ƙasashe an daɗe ana yi. Gaskiya ne. A Amurka tun 1918 gidan waya ke ɗaukar 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya ya kai wa manoma, ƙwai ma ana aikawa. Amma can akwai kwalin da aka ƙera don wannan aikin, kowane ƙwai da gurbinsa, akwai ranar da aka san saƙo zai isa, akwai kuma inda za ka kai ƙara. Duk da haka masu kiwonsu sun san ƙwan da ya yi tafiya ba ya kai wanda aka ɗauko a bayan gida yawan ƙyanƙyasa. Mu nan namu gidan wayar shi ne direban da ka samu lambarsa a tasha, wanda idan fasinja bai cika ba sai gobe.

Akwai kuma maganar iri, wadda yawancinmu ba mu tsaya mun fahimta ba. Kaji irin su Noiler da kamfanin Amo ya samar a garin Awe na jihar Oyo, ko ShikaBrown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, ko FUNAAB Alpha ta jami'ar noma ta Abekuta, duk aikin shekaru ne na zaɓe da haɗa iyaye. Kajin da ake sayar wa jama'a daga irin wannan haɗi, idan ka bar su suka hayayyafa a tsakaninsu, 'ya'yan ba lallai su fito kamar iyayen ba. Wani ya yi girma, wani ya tsumbure. Saboda haka wanda ya tara Noiler a bayan gidansa yana sayar maka da ƙwansu da sunan za ka samu irin wadda ka gani a hoto, ko bai yi niyyar cuta ba, ya sayar maka da abin da shi ma ba shi da tabbas a kai.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba kuɗin ba ne, cuta ce. Akwai cututtukan da ke bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa, kamar mai sa 'yan tsaki farin zawo su yi ta mutuwa a makon farko. Wasu kuma a jikin ɓawo da kiret suke maƙalewa. Manyanmu ba su manta da 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, kafin a ankara ta bazu zuwa Kano da wasu jihohi. A gari irin namu da kajin gida goma ke kiwo a juji ɗaya, abin da ka shigo da shi a kwali ba a akurkinka zai tsaya ba. Kajin tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku, waɗanda da su take sayen magani da sabulu, su ma suna cikin cinikin da ka ƙulla ba da saninta ba.

Abin dariyar shi ne, sayen ƙwai don ƙyanƙyasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun ina ƙarami, da damina ta faɗi zabi suka fara saki, Inna takan sayi ƙwan zabi wajen wata Bafulatana da ta sani shekara da shekaru, ta zuba wa kazar da ta shiga kwanci. Kwana 26 zuwa 28 sai ga 'yan zabi na bin kaza. Ba wuta, ba batir, ba ma'aunin zafi. Kazar ta san digiri 37 da rabi ba tare da an koya mata ba, ita ke juya ƙwanta, ita ke riƙe musu laima. Ƙwan bai yi tafiyar da ta wuce daga ruga zuwa gari a cikin ƙwarya da ƙaiƙayi ba. In kuma aka samu baragurbi da yawa, ranar kasuwa mai zuwa Inna za ta ce, "Ke kuwa wannan karon me kika kawo min?" su daidaita a tsakaninsu. Abubuwa biyun da cinikin waya ya rasa ke nan, kusanci da sanayya.

Ba ina cewa mu tsaya a kazar Inna har abada ba. Wanda ke son ingantaccen iri, ya sayi 'yan tsaki a hannun dilan da ke da shago a Dutse ko Haɗeja ko Kano, wanda zai iya komawa ya same shi a zaune. Ɗan tsako ka gan shi da idonka, yana tsaye ko yana layi. Wanda bai saba ba ma gara ya ƙara kuɗi ya sayi waɗanda suka yi makonni aka yi musu rigakafi, musamman na annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, mai share kajin gari da hunturu. Ko kuma ya sayi zakara ɗaya nagari ya sake shi cikin kajin gida, a hankali iri ya gyaru. Mai sha'awar inji kuma ya fara koyon hannu da ƙwan kajin gidansu mai araha, ya ga yadda busasshiyar iskar hunturu ke sa ɗan tsako ya manne a ɓawo idan laima ta yi ƙasa, ya san batirinsa awa nawa yake kaiwa, kafin ya taɓa ƙwai mai tsada.

In kuwa ka nace sai ka yi oda, to aƙalla kada ka yi a watan Afrilu ko Mayu. Ka nemi na kusa, wanda zai iso a yini ɗaya. Ka sa a nuna maka iyayen kai tsaye ta bidiyo, a rubuta ranar da aka saki kowane ƙwai a jikinsa, ku kuma yi yarjejeniya a rubuce kan abin da zai faru idan an haska a rana ta 10 aka ga babu komai. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya ba ka amsa. Idan ya iso kada ka wanke shi, ka bar shi ya huta kwana guda tsininsa na kallon ƙasa.

Kasuwar nan da ake kwashe kuɗinta zuwa kudu tana nuna akwai buƙata a gida. Muna da masu karatun noma a Jami'ar Tarayya ta Dutse da kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, ga rana da ba ta yanke mana. Matasa biyar da suka haɗa kuɗi suka sayi injin sola na gaske, suka ajiye shi a Kafin Hausa suna karɓar ƙwan mutane su ƙyanƙyashe a biya su kan kowane ɗan tsako, sun fi talatin da kowa ke fama da kwalinsa a zaure.

Na faɗa wa ƙanina wannan shawara kafin in dawo makaranta. Ya ce zai yi tunani. Jiya kuma ya turo min hoton wasu talo-talo farare, wai wani mutum ne a Jos, kuma shi wannan kowa na yabonsa a ƙarƙashin bidiyon.