Haushin Beatles aka huce a kan faifan McCartney

1/ Jiya maimakon karatun jarabawa sai na zauna sauraron "McCartney", faifan farko da Paul McCartney ya fitar shi kaɗai a Afrilun 1970. Wallahi masu sharhi ba su yi masa adalci ba.

2/ Yawancinsa a gidansa na Landan ya ɗauka. Ganga, jita, fiyano, duk shi ya kaɗa, matarsa Linda na yi masa amshi. Waƙar farko ma ba ta kai minti ɗaya ba, gwajin na'ura ne kawai, har dariya ake ji a ƙarshenta. Wasa yake, kuma bai ɓoye ba.

3/ Aka ce aikin bai nuna ba, lalaci ne.

4/ To amma ku duba lokacin fa. Mako guda kafin fitowarsa jaridu suka buga cewa ya bar Beatles. Kowa na cike da shi. Da wannan fushin aka saurara.

5/ Na yarda, wasu waƙoƙin kamar bai gama su ba. "Kreen-Akrore" kam ni ma tsallakewa nake.

6/ Amma faifan da ke ɗauke da "Maybe I'm Amazed" ne za a ce fanko? Haba dai. Mako 3 ya yi a matsayi na ɗaya a Amurka.