Ranar da Dolly Parton ta ƙi yi wa Elvis kara

Ranar Talatar nan wani yaro ɗan unguwarmu ya tare ni a ƙofar gida, bakinsa har kunne, ya ce, "Baba, a taya ni murna, na yi babur." Na ce Allah ya tsare, a ina ka samo kuɗin? Ya ce waƙoƙinsa shida ya sayar wa wani Alhaji mai situdiyo, har ya sa hannu. Na ce ka karanta takardar kuwa? Sai ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur ɗin a tafin hannu. Wai Alhaji ne ya fara ba shi makirfo ya riƙe, da kunya ya tsaya karanta takarda a gabansa kamar bai yarda da shi ba.

Tun ranar raina a ɓace yake, kuma ba wadda ke ta faɗo mini a rai sai Dolly Parton.

Sa'o'ina sun san ta. Mu ne muka tashi da kaset ɗinta da na Don Williams da Kenny Rogers a shagon tela da cikin motar haya. 'Yar talakawa ce ta gaske. An haife ta a 1946 a cikin duwatsun jihar Tenesi ta Amurka, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, a gida mai ɗaki ɗaya. Ita da bakinta take cewa da buhun garin masara mahaifinta ya biya likitan da ya karɓi haihuwarta. To kada wani ya ce mini 'yar gata ce shi ya sa ta iya abin da zan faɗa.

A 1973 ta tsara wata waƙa mai suna "I Will Always Love You", ta ban kwana ga maigidanta Porter Wagoner, mutumin da ya ɗauke ta a shirinsa na talabijin a 1967 ya fito da ita duniya ta san ta. A lura da wannan. Ita ma tana da nata Alhajin, kuma ta san darajarsa, har waƙa ta yi masa. Waƙar ta fito a 1974 ta hau kan gaba. Sai Elvis Presley ya ji ta, ya ce yana so ya rera. A wancan zamani, in Elvis ya ɗauki waƙarka, kakarka ta yanke saƙa. Dolly ta bi gari tana ba da labari, an ma gayyace ta ta zo situdiyo ta gani da idonta. Ana gab da ɗauka sai manajan Elvis, Kanal Tom Parker, ya kira ta ya ce ka'idarsu ita ce Elvis ba ya rera waƙar kowa sai an mallaka musu rabin haƙƙinta.

Ta ce a'a. Ta ce waƙoƙinta su ne gadon da za ta bar wa danginta. Ta sha faɗa cewa kwana ta yi tana kuka, na kusa da ita suna cewa ta yi hauka. Elvis ya mutu a 1977 bai ɗauki waƙar ba.

Shekara 18 bayan fitowarta, a 1992, Whitney Houston ta rera ta a fim ɗin The Bodyguard. Mako 14 ta yi tana kan gaba a jerin waƙoƙin Amurka. Har gobe akwai masu rantsuwa cewa waƙar Whitney ce. A Amurka kuwa tsarin a fili yake: mai rerawa da rabonsa a cinikin faifai, wanda ya tsara waƙa kuma ya riƙe haƙƙinta da nasa, duk sanda aka sa ta a rediyo ko aka sayar da faifai. Kuɗin nan ya riƙa kwarara gidan Dolly ba tare da magadan Elvis sun ga ko sisi ba. Daga irin wannan dukiya ce ta kafa shirin aika wa yara littafi kyauta kowane wata a 1995, don tunawa da mahaifinta da bai iya karatu ba, kuma littattafan sun haura miliyan 200.  

Ku dubi waɗanda suka sa hannu ido rufe. Little Richard, ɗaya daga iyayen kiɗan rok, dala 50 aka ba shi a kan haƙƙin "Tutti Frutti". Willie Nelson ma, lokacin da babu ta yi masa katutu, dala 50 ya sayar da "Family Bible". Wanda ya fi ba ni takaici shi ne John Fogerty na ƙungiyar Creedence Clearwater Revival. Yana saurayi ya sa hannu a takardar da ta mallaka wa kamfani waƙoƙinsa. Da ya fitar da sabuwar waƙa daga baya, kamfanin ya maka shi a kotu cewa ta yi kama da wata tsohuwa, wadda shi ɗin ne ya tsara ta. Wato ana tuhumar mutum da satar muryar kansa! A 1988 sai da ya ɗauki gita ya shiga kotu ya kaɗa wa masu shari'a kafin ya tsira. Shekaru ya yi ba ya yarda ya rera tsofaffin waƙoƙinsa saboda baƙin ciki. Bai dawo da ikonsu hannunsa ba sai a 2023, yana da shekara 77. Mozart, shahararren makaɗin Turai na da can, shi uzurinsa a fili yake, don a zamaninsa babu wannan tsari, sau ɗaya ake biyan mutum a wuce wurin. Ya mutu a Biyana a 1791 yana da shekara 35, da bashi a wuyansa, ga wasiƙunsa na roƙon rance har yau ana karantawa.

Na san za a ce mai jin yunwa ba ya jiran girkin gobe, kuma gaskiya ne. Amma yaron nan ba yunwa ce ta hana shi karanta takarda ba, kara ce. Wannan kara ta ishe ni. Mun mayar da ita igiyar da babba ke ɗaure ƙarami da ita ya yanka, ƙaramin kuma yana godiya. Wanda ya miƙa wa yaro ɗan shekara 20 takardar Turanci da biro, ya tsaya a kansa yana kallo, ya san sarai abin da yake yi. Sunan wannan cuta, ko da mai yin ta ya je Makka sau goma.

Kada kuma a kawo mini zancen al'ada. Makaɗan da can, in sun wasa ubangida, yakan ba su doki da riga, wani har kujerar Makka. Amma ban taɓa jin sarkin da ya ba makaɗi doki sannan ya ce daga yau waƙar ta zama tasa, kada ya ƙara yin ta a gidan wani biki ba. Shata ya karɓi motoci a hannun masu arziki, waƙarsa kuma ta ci gaba da zama ta Shata. Masu situdiyon yau sun ɗauki rigar ubangida sun saka, a ƙarƙashinta kuwa halin Kanal Parker ne.

Jiya da yamma na sake ganin yaron yana wanke babur ɗin da soso. Na ce masa ya kawo mini takardar in kai wa wani lauya abokina ya duba, ko akwai ƙofar da aka manta ba a rufe ba. Ya ce, "Baba, ai guda ɗaya ce, tana wurin Alhaji."