A Bar Yaranmu Su Ɓata Hannunsu

Yau ina so ne mu tattauna wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda yaranmu suke karatun kimiyya da baki kawai, ba tare da hannunsu ya taɓa komai ba.

Abin da ya tayar da zancen shi ne, kwanakin baya na iske 'yata da ke aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Abekuta tana ta hadda cewa asid yana mayar da shuɗiyar takardar litmos ja. Na ce mata, "Kin taɓa ganin takardar?" Ta ce a'a, malam dai ya rubuta a allo sun kwafa. Wallahi abin ya sosa mini rai, ga kuɗin makaranta muna biya kowane zango, amma yarinya na rera kimiyya kamar waƙa.

Washegari na sa mahaifiyarta ta jiƙa mana zoɓo ya yi kauri, muka shafe farar takarda da shi, muka shanya. Da ta bushe na ba yarinyar tsinke biyu, ɗaya tana tsomawa a ruwan lemon tsami, ɗaya a ruwan kanwa, na ce ta zana abin da take so. Inda lemon tsami ya bi sai wurin ya ƙara ja, inda kanwa ta bi sai ya koma kore-kore mai duhu. Ta zana fure da ganyensa da tawada guda! Nan take ta gane darasin da ta yi mako tana hadda: launin da ke cikin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon tsami ko kanwa-kanwar abin da ya taɓa shi, kuma aikin litmos ke nan. Haka kurkum yake, idan ruwan sabulu ya taɓa shi sai ya koma ja. Gani ya kori ji.

To jama'a, mu da muka taso a Arewa, wa ya koya mana ƙera motar kara? Da kanmu muka gano cewa idan taya ba ta daidaita ba mota ba za ta miƙe ba, idan kaya suka yi sama da yawa za ta kife. Mun yi filfilo, mun dafa tawada da ƙaro, mun gina 'yan tukwane da yumɓu, mun ga gardawa suna auna zayyana a allo. Ba wanda ya ce mana kimiyya ce, amma ita ce. Yaranmu na nan kuwa fa? Boko da safe, lesin da rana, Islamiyya da yamma, sauran lokacin kuma shago ko wayar hannu. A gidan haya mai ɗaki ɗaya ko karan dawa babu, kuma da yaro ya ɗauki gwangwani sai mu daka masa tsawa wai yana tara shara.

Na san wasu za su ce ai wannan wasa ne, gara yaro ya zauna da littafi. Sai in tuna musu da Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya. An sa ƙaramar tukunya cikin babba, an cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, an rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke tashi cikin iska yana tafiya da zafi, sai tumatir da alayyafo su daɗe ba su lalace ba. Sirrin randar kakanninmu ne ya duba da idon basira. Har yaro zai iya gwada wannan a nan, ya kwatanta lokacin damina da lokacin hunturu, ya ga da kansa cewa dabarar ta fi aiki idan iska ta bushe.

Ga kuma wata makaranta a ƙofar gidanmu da muke wucewa kullum. Maƙwabtanmu Yarbawa sun shahara da rinin adire, ga kasuwar Itoku nan cike da shi, kamar yadda muke alfahari da marinar Ƙofar Mata a Kano. A rinin baba, zane yakan fito daga ruwa kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi. Me ya sa? Me ya sa inda aka ɗaure da zare ko aka shafa kullun rogo rini ba ya kamawa? Yaron da ya tsaya ya yi waɗannan tambayoyi ya fara zama masani, kuma ga sana'a a hannu. Amma a kula, masu rini da yawa yanzu suna aiki da soda mai ƙona fata, don haka yara su tsaya ga kallo a can, a gida su yi da zoɓo, kurkum da lalle.

Shawarata ga iyaye da shugabannin Islamiyyunmu ita ce a ware awa ɗaya tak ranar Asabar. Ba a bukatar ɗakin gwaji: kwali, murafen kwalba, zare, yumɓu da kayan madafi sun isa. A sa babba ya tsaya a kansu, ban da wuta, ban da reza. A gayyato telan unguwa, ko bakanike, ko tsohuwa mai saƙar faifai su nuna abin da suka iya, sannan ɗalibanmu da ke manyan makarantu su yi bayanin dalili. Kada a ware 'yan mata. In yaro ya yi tambayar da ba mu da amsa, kada mu ce ya cika surutu, mu ce masa zo mu gwada.

Mun baro gida ne don neman abin da zai amfani 'ya'yan nan. Idan muka bar su da hadda kawai, gobe za su zauna jarrabawa ɗaya da 'ya'yan da suka saba taɓawa da gwadawa, sannan mu dawo muna cewa an danne mu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Riga in ta ɓaci sabulu zai wanke ta.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani. Wassalam.