Kafin Ka Rataye Talabijin Ɗinka, Fara Sanin Bangon da Zai Riƙe Ta

Wani abokina ya yi wata takwas yana tara kuɗi kafin ya sayi talabijin mai inci 55. Babu bidiyon sharhin da bai kalla ba a YouTube, har ya iya yi maka bayanin bambancin OLED da QLED kamar shi ya ƙera su. Ranar da za a rataye ta kuwa, sai ya kira wani yaro a layinsu. Yaron ya zo da guduma da ƙusar kankare, ya fafe ramuka huɗu, ya cusa guntayen katako a ciki, ya ɗaura sukuru. Bayan mako uku, cikin dare, ramukan sama biyu suka saki. Da safe aka tarar da gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma babu garantin da ke biyan irin wannan asara.

Tun daga ranar nake lura da yadda muke yi. Mukan shafe makonni muna bincike a kan kayan da za mu saya, amma abin da zai riƙe su a bango ba ma ba shi ko minti biyar. Alhali kayan da muke ratayewa sai ƙara nauyi da tsada suke yi: talabijin, inbata, na'urar sanyaya ɗaki, kyamarar tsaro, batirin sola irin na bango wanda nauyinsa kan kusanci buhun siminti. Ra'ayina shi ne, ga bangon kankare, matashi ya daina sayen ƙaramin diril mai batir da ake tallatawa a TikTok. Ya nemi diril mai guduma na gaske, ko da aro ko haya ne, sannan ya kashe kuɗinsa a kan fisha da sukuru masu kyau. Ga dalilaina.

Bango ɗaya, abu biyu

Yawancin gidajen siminti a garuruwanmu da bulo mai rami a ciki ake gina su, mai inci shida ko inci tara, sannan a yi masa filasta. A cikin wannan bangon kuma akwai wuraren da kankare ne zalla da aka zuba da tsakuwa da rodi: fila, lintal ɗin da ke saman ƙofa da taga, da kuma dekin. Fenti ya rufe su duka, ido ba ya bambancewa. Shi ya sa za ka ga rami na farko ya huda cikin daƙiƙa goma, na biyu kuwa, taku ɗaya kawai daga wurin, ka yi minti goma kana gumi bai shiga ko rabin yatsa ba. Na farko bulo ka samu, na biyu fila ce.

Kowannensu da matsalarsa. Kankare yana da wuyar hudawa, amma idan ka huda shi daidai yana riƙe kaya da ƙarfi. Bulo yana da sauƙin hudawa, sai dai riƙonsa ba shi da tabbas, musamman irin wanda aka yi wa rowar siminti, wanda kana murza shi da yatsa yashi na zuba. Filasta kuwa ba ta riƙe komai. Duk fishar da rabinta ya tsaya a cikin filasta, ka ɗauka rabin fisha ka saka.

Diril ɗin da ke duka da wanda ke karkarwa

Akwai iri uku da ake rikitawa a kasuwa. Na farko diril ne da ke juyawa kawai, na katako da ƙarfe da ɗaura sukuru. Na biyu yana da alamar guduma a jikinsa. A cikinsa akwai faifai biyu masu haƙora da ke gogar juna, suna sa bakin ya riƙa karkarwa da sauri. Ƙarfin dukansa ya dogara ne da yadda ka danna shi da jikinka. Yana iya bulo, yana iya jan bulo, amma da ya haɗu da tsakuwar kankare sai ya tsaya yana ihu, bakin ya yi zafi ya dakushe, ramin kuma ya yi faɗi saboda hannunka na rawa.

Na uku shi ne wanda masu aiki ke kira SDS. A cikinsa akwai fistin da ke matse iska, iskar ta harba wani guntun ƙarfe ya doki gindin bakin diril ɗin, kamar mai sassaƙa da kurfi da guduma. Injin ne ke yin dukan, kai riƙewa ce taka. Kamfanin Bosch ne ya fito da tsarin SDS a 1975. Gindin bakin irin SDS-plus milimita 10 ne, yana da kwarmi a gefe, ana tura shi ne ya shige ba tare da makulli ba, kuma yana iya zamewa gaba da baya yayin duka. Akwai babban yayansa SDS-max mai milimita 18, na masu fasa gini ne, ba ka buƙatarsa a ɗaki.

Idan za ka duba ƙarfin irin wannan diril, lambar da ta fi muhimmanci ita ce ta jul, wato ƙarfin duka ɗaya, wadda ake rubutawa da harafin J. Jul 2 zuwa 3 ya ishi duk wani aikin gida. Misali, Bosch GBH 2-26 yana da wat 800 da jul 2.7, Makita HR2470 kuma wat 780 da jul 2.4. Ba ina cewa lallai sai su ba, na kawo su ne don ka sami ma'auni idan mai shago ya ɗauko maka wani.

Mu da muka saba da fawa bank mai rubutun 50,000mAh da ba ya cika waya sau biyu, bai kamata a yaudare mu da diril ba. Za ka ga ƙaramin diril mai batir an rubuta masa 48V ko 98V, alhali batirin da ke gindinsa bai fi tafin hannu ba. Ƙwayar batirin litiyom ɗaya tana ba da kimanin bolt 3.6. Guda biyar a jere su ne 18V, kuma su ne dai wasu kamfanoni ke rubutawa 20V Max, domin sun auna lokacin da cajin ya cika fal. Lissafa da kanka ƙwayoyi nawa ake buƙata kafin a kai 98V, sannan ka sake kallon girman batirin. Araha ba ta ado.

Fisha: ƙaramin abu mai ɗaukar nauyin komai

Sunan da muke kiran robar nan da ake cusawa a rami ya samo asali ne daga Artur Fischer, Bajamushen da ya ƙirƙiro ta da nailan a 1958. Aikinta mai sauƙi ne: sukuru na shiga, tana buɗewa, ta matse jikin ramin. Wannan matsewar ce kaɗai ke riƙe da kayanka. Saboda haka dole girman rami ya zama daidai da girman fisha. Fisha mai milimita 6, baki mai milimita 6, sukuru mai kauri 4 zuwa 5. Fisha 8, baki 8, sukuru 4.5 zuwa 6. Fisha 10, baki 10, sukuru 6 zuwa 8. Zurfin ramin ya ɗara tsawon fishar da kamar milimita 10, sukurun kuma ya yi tsawon da zai ratsa ƙarfen ratayar, ya ratsa fishar har bakinsa ya ɗan leƙo ta ƙarshenta. Idan fisha ta shige rami da turin yatsa ba tare da ɗan bugu ba, ramin ya yi mata yawa. Kada ka cika gefen da tsinken ashana, ka ƙara girman fishar ko ka sake wuri.

Guntun katako ya yi wa iyayenmu aiki a lokacin da abin ratayewa bai wuce agogo da kalanda ba. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, a hankali ya saki. Ita ma robar ba duka ce ɗaya ba. Ta nailan tana lanƙwasa ba ta karye, ta banza kuwa kana matsa ta da filaya take tsagewa. Gwada guda ɗaya a gaban mai shago kafin ka sayi fakiti.

Ga kaya masu nauyi a kankare zalla, kamar ƙarfen da ke riƙe injin na'urar sanyaya ɗaki a waje ko batirin bango, a yi amfani da fishar ƙarfe mai noti, wadda ke buɗewa idan aka ɗaure ta da sifana. Amma kar a kai ta bakin gefen fila, domin ƙarfin buɗewarta na iya ɓantare kankaren. A bulo mai rami kuwa ita wannan ba ta da abin kamawa, tana ma iya fasa shi. A nan ana buƙatar doguwar fishar nailan da aka yi don bulo mai rami, ko kuma gam na musamman da ake matsawa cikin raga a saka rodi mai zare ya bushe a ciki. Idan bulon mai rugurgujewa ne, kayan kuma masu nauyi ne ƙwarai, gara a ajiye su a kan teburin ƙarfe a ƙasa. Ba kowane bango ne ya cancanci a ba shi amana ba.

Abin da ke cikin bangon

Wayoyin wuta na bi ta cikin bututun roba a ƙarƙashin filasta. Bisa ƙa'ida suna tafiya ne a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe daga soket da makunni, don haka kada ka huda a kan layin da ya yi daidai da su. Sai dai ba kowane mai wayarin ne ke bin ƙa'ida ba, wani ta kwana yake ratsawa don ya rage waya. Ka kashe wutar ɓangaren daga babban makunni, ka tuna kuma inbata na iya ci gaba da ba soket wuta ko an ɗauke ta gari. A banɗaki da kicin ka ƙara da tunanin bututun ruwa.

Akwai manhajojin waya da ke cewa suna gano abin da ke cikin bango. Suna amfani ne da na'urar maganaɗisun da ke sa kamfas ɗin wayarka aiki. Tana iya jin rodi idan yana kusa da fuskar bango, amma ba abin dogaro ba ce wajen gano wayar tagulla a cikin bututun roba, balle bututun ruwa. Kada ka jingina ranka a kanta. Inda waya ke da amfani shi ne auna daidaito, don kar talabijin ta karkace, da kuma ɗaukar hoton bango lokacin da ake wayarin kafin a yi filasta, idan gidanku ake ginawa. Wannan hoton zai yi maka rana bayan shekaru.

Idan kana huda kankare ka ji baki ya tsaya cak yana ƙarar ƙarfe, rodi ka samu. Kada ka dage sai ka yanke shi, ka matsa gefe kaɗan. A kan tayil da bulo mai rami kuma ka kashe gudumar, ka bar juyawa kawai, in ba haka ba tayil ya tsage, bulo kuma ya ɓurme ta ciki. Bayan hudawa ka fitar da ƙurar ramin, domin ƙura na rage riƙon fisha. Kada ka hura da baki. Ƙurar kankare na ɗauke da silika mai lalata huhu idan ana yawan shaƙarta, don haka ka sa takunkumi da tabarau, ka toshe kunnuwanka, ka fitar da yara daga ɗakin.

Ga masu cewa ya yi tsada

Na san abin da wani zai ce: rami nawa zan huda a shekara da zan sayi injin da kuɗinsa ya kai na waya? Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce kowa ya saya ba. Mai ramuka takwas a shekara ya yi haya, ko ya ara, ko ya kira mai aikin da ke da SDS. Abin da nake so shi ne ka san abin da za ka tambaya. Kafin ya zo, ka ce masa: wane diril za ka kawo, fisha lamba nawa, kuma ka duba ko bulo ne ko kankare? Mai aikin kirki zai ji daɗin tambayar. Wanda ya ce maka "kar ka damu, ƙusa ma ta isa", ka yi masa godiya ka nemi wani. Abokai huɗu ko biyar da ke unguwa ɗaya ma na iya haɗa kuɗi su sayi guda, kamar yadda ake haɗa kuɗin data ko na kallon ƙwallo.

Wani kuma zai ce shekara goma ke nan ƙusa na riƙe da kayansa ba abin da ya faru. Na yarda, ana dacewa. Amma ƙarfen ratayar talabijin mai hannu, wanda ake janyowa gaba a juya, yana fizgar sukurun sama ne waje duk lokacin da aka taɓa shi, ba nauyi kawai yake sauke musu ba. Kuma a gidajenmu, ƙarƙashin talabijin nan ne yara ke zama.

Idan ka tashi saye, a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ka sa a kunna injin a gabanka a gwada shi a kan guntun kankare, domin jabu na sanye da rigar manyan kamfanoni. Ka tambaya ko ana samun burushinsa da sauran kayan gyara. Ka sayi baki biyu ko uku masu kyau, 6 da 8 da 10, sun fi akwati guda na tarkace. Idan janareta za ka yi amfani da shi, ka tabbata ƙarfinsa ya ɗara na injin sosai, domin diril na jan wuta da yawa lokacin tashi. Mai zaman haya kuma ya nemi izinin mai gida kafin ya taɓa fila ko dekin.

Abokin nawa ya sake tara kuɗi ya sayi wata talabijin, wannan karon mai inci 43. Kafin a rataye ta ya ƙwanƙwasa bangon, ya ari SDS a wurin wani mai haɗa sola, ya sayi fisha 10 guda huɗu da sukurunsu. Kuɗin fishar da sukurun gaba ɗaya bai kai na datar da ya ƙona yana kallon sharhin talabijin ta farko ba.