Ba Littattafanmu Ne Suka Kayar Da Su A Turanci Ba

'Yan uwa masu karatu, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi tun da na dawo daga Birniwa, na ga in ban amayar da ita ba, ba zan iya ci gaba da rubutun da ke gabana ba.

Biki ne ya kai ni gida, na sauka wajen yayata. Da daddare bayan an watse sai na ga 'yarta, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, ta yi rub da ciki a tabarma, ta jingina tocilar waya da kwano tana ta rubutu. Na ce me ake yi? Ta ce aikin gida ne na Turanci, an ce kowa ya rubuta wasiƙa zuwa ga ƙawarsa ya ba ta labarin yadda ya yi hutu. Na karɓa na duba, ashe kwafa take daga tsohon littafin yayanta da ya gama makaranta shekara huɗu da suka wuce. A cikin wasiƙar an je Legas, an yi wasa a bakin teku, an sha askirim, an dawo a jirgin sama. Yarinyar nan kuwa iyakar tafiyarta Haɗeja, sai Nguru sau ɗaya da aka kai ta asibiti.

Na ce, "Ke, yaushe kika je Legas ban sani ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Anti, ai kowa ita yake kwafa. Malam ba ya karantawa, hannu kawai yake sawa."

Na zauna na bi littafin nan shafi-shafi tun daga farkon zango. Wallahi rubutunta kamar a wanke a sha. Ga ma'anar suna, ga ma'anar aikatau, ga rabe-raben jimla, ga ire-iren wasiƙa, duk an kwafo daga allo tsaf babu ko gyara. Jan biro sau uku na gani a duk littafin, shi ma sa hannu ne da kwanan wata. Babu wuri ɗaya da aka ja layi aka ce nan kin yi kuskure, ga daidai. Na ce ta faɗa mini da Turanci abin da aka dafa yau a gidan nan, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi.

Washegari a wajen yini aka haɗa ni da wata malama, aka ce mata ga marubuciyar nan. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Hajiya, ai ku ne kuka kashe mana Turanci. Yara sun bar karatu sun koma littattafanku." Na yi murmushi kawai saboda gidan biki ne. To amsar da ban ba ta ba ita ce wannan.

Zargin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1990 ake tafka muhawara a jaridu a kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu yana kare mu, wasu suna yi mana kallon masu ɓata tarbiyya. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, waɗanda aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. To an ƙona. Ina so wanda ya ga Turanci ya tsiro daga tokar nan ya zo ya nuna mini. Kuma samarin da ba su taɓa buɗe littafin soyayya ba, wa ya kayar da su?

Ba zan ce mu tsarkakakku ba ne. Ni kaina na sha ɓoye In Da So Da Ƙauna a tsakiyar littafin lissafi, malam na gaban allo ni ina wata duniya. Na kuma san na yanzu da ake turawa ta WhatsApp wasunsu ko Hausar ba su iya rubutawa ba, balle a yi maganar abin da ke ciki. Amma dan Allah a duba da kyau. Yarinyar da za ta zauna ta cinye shafi ɗari biyu a kwana biyu ba tare da bulala ba, ta riga ta mallaki abu mafi wuya, wato zama da littafi. Ta san yadda labari ke farawa, yadda yake ƙullewa, yadda ake warware shi. Malamin da ya san aikinsa wannan yarinyar zai nema. Sai ya miƙa mata The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, ɗan siriri ne, labarin ramuwar gayya ne a cikin jirgin ƙasa a nan Arewa. Mutumin Birniwa kuwa ba a yi masa bayanin jirgin ƙasa, tun 1930 layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta ƙasarmu. In ta gama ya ba ta The Stillborn na Zaynab Alkali. Kai, har Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an fassara shi zuwa Turanci, an buga a Indiya a 2012. Me zai hana a ajiye na Hausa da na Turanci gefe da gefe a aji, yara su ga yadda ake juya magana?

Ku dubi abin da jarrabawar take nema. A takardar rubutu ta WAEC maki 100 ne: insha'i 50, taƙaita labari 30, auna fahimta 20. Insha'in nan kalma wajen 450 ake so yaro ya zubo daga kansa. Babu inda za a ce masa kawo ma'anar suna. To wanda ya shekara shida yana kwafar allo, bai taɓa ƙirƙirar sakin layi ɗaya an gyara masa ba, ta ina zai fara? Kamar a ce an shekara shida ana karanta wa mace sunayen kayan miya, ran nan a tura ta kicin a ce ga baƙi nan. Akwai ma takardar furuci mai tambaya 60 da ake amsawa da fensir baki a rufe, wannan kam abin dariya ne, amma bar shi sai wani jiƙon. Daga nan ne satar amsa ke samun ƙofa. Wanda aka koya wa kwafa a aikin gida, a ɗakin jarrabawa ma kwafar zai nema, mu kuma mu riƙe baki muna salati.

Abin ya dame ni ne saboda na san zafinsa. Na ci kiredit a Hausa da Addini da sauransu, Turanci na samu fas. Wannan fas ɗin shi ya rufe mini ƙofar jami'a, domin ba kiredit a Turanci ba shiga. Aka ce in sake, kafin shekara ta zagayo an ɗaura aure. A garuruwanmu yarinya sau ɗaya ake ba ta wannan damar, in ta faɗi ba kowane uba ne zai sake biyan kuɗi ba.

Malaman ma ina tausaya musu. Na leƙa ajin 'yar tawa, wasu a benci wasu a ƙasa. Mutum ɗaya ya bi azuzuwa irin wannan tun safe, sannan a ce ya ɗauki tulin littattafai ya je gida ya karanta wasiƙa mai shafi biyu ta kowane yaro, ga shi shi ma gona na jiransa, ai sa hannun ma ya yi ƙoƙari. Amma tunda ya san ba zai karanta ba, me ya sa zai bayar? Gara ya ce jimla biyar kawai, a kan abin da yaro ya gani da idonsa jiya. Da safe a yi musayar littafi, a ɗauko na mutum uku a rubuta a allo, aji duka su taru su gyara. Gobe wasu ukun. Jimla biyar da aka gyara ta fi shafi biyu da aka sa wa hannu. Kuma ita ce za ta yiwu a gidan da ba wuta, ga yarinyar da sai ta yi wanke-wanke da ɗibar ruwa ta goyi ƙane kafin ta taɓa biro, ga yaron da in damina ta sauka ko lokacin yankan riɗi ya zo ba ya ganin gida sai magariba. Mai tsara aikin gida a ofis kamar yana zaton kowane yaro yana da tebur da fitila.

Abin rubutawa kuwa ga shi nan birjik. Ambaliyar 2022 da ta tayar da garuruwa a ƙasar Haɗeja, kowane yaro ya ga 'yan uwan da suka zo da tabarmi a ka. Ga kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa masunta na kuka. Ga tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su sauka a Baturiya da sanyi. Turawa na zuwa kallonsu su koma su rubuta, ɗan gida kuma an tura shi bakin tekun Legas a takarda.

Sai maganar hukunta yaro don ya yi Hausa a makaranta, har da monita mai rubuta sunaye. Abin da wannan ke haifarwa shi ne aji ya yi tsit, ba Hausa ba Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da firamare da harshen uwa, a Nuwamba 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Alhali tun 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa ya gwada a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su gaza a Turancin ba. Ni dai na ga ko da wane harshe aka ce, in darasin kwafar allo ne, jiya i yau.

Daren da zan taho na ce wa 'yar tawa ta ba ni labarin ranar da kakarta ta wajen uba ta iso gidan a amalanke lokacin ambaliya. Ta ba ni da Hausa, har da kwaikwayon muryar tsohuwar tana faɗa a kan akuyarta. Na ce to rubuta jimla biyar da Turanci. Ta yi wajen rabin awa tana gogewa, ta rubuta bakwai. Kuskure kam akwai, na gyara wanda na iya da ɗan Turancina na mai fas, biyu kuma ni ma ban tabbata ba, na ce ta kai wa Malam ta roƙe shi ya duba. Na bugo wa yayata shekaranjiya, ta ce ya karɓi littafin, bai dawo da shi ba tukuna.