Ɗan'uwanmu Da Ke Kudu Ba Saniyar Tatsa Ba Ne



Turawa suna da wata magana, "cash cow", wato saniyar da ake tatsar kuɗi a jikinta. A kasuwanci ta yi fice. A 1970 wani kamfanin ba da shawara na birnin Boston a Amurka, ƙarƙashin Bruce Henderson, ya yaɗa ta da ma'anar hajar da ke kawo riba mai yawa ba tare da an ƙara mata jari ba, sai a riƙa kwasar kuɗinta ana raya sauran hajoji. Suna kuma kiran mutum da ita idan jama'a suka mayar da shi wurin cirar kuɗi. Mu ba sai an fassara mana ba, "saniyar tatsa" tamu ce tun tuni.

Mun ɗauko maganar ne saboda haka aka mayar da da yawa daga cikin 'yan ƙungiyarmu na nan Legas. Yaro yana dako a Mile 12 ko gadi a Ikeja, kwanansa a rumfa, amma wayarsa ba ta hutawa: biki, suna, ankon ƙanwa, wayar ɗan baffa ta faɗa ruwa. An hana acaba a wasu manyan sassan Legas a Yunin 2022, an cire tallafin mai a Mayun 2023, samu ya ragu, buƙatun gida kuwa ko gezau.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ciyar da iyaye da iyali wajibi ne, shi ya fito da mu daga gida. Kukanmu a kan masu tatsa ne da ba sa tambayar ko saniyar ta ci.

Bafulatani ya fi mu sanin wannan. Ba ya tatsa sai ya saki maraƙi ya fara tsotsa, don sai da haka nonon ke saukowa, kuma dole ya rage masa. Da rani ya nemo mata dusa da kanwa. To shi ɗan'uwanmu wa ke rage masa? Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, waɗanda ke kira kullum sai su yi ɗif, mu ne ke zagayawa da kwano muna haɗa kuɗin asibiti.

Mu ma shugabanni ba mu fita ba. Kuɗin ƙungiya, kuɗin taro, gudummawar wane, duk a kan mai dakon nan suke ƙarewa, kuma ba kullum muke nuna masa inda suka shiga ba.

A zaman ƙarshen wata za mu karanta lissafin abin da aka tara a gaban kowa, mu kuma kawo shawarar ware kaso don masu jinya. Wanda ke da ja ya zo ya faɗa a can.